Daga Landan da Washinton zuwa Bakin Kogi a Rusairis

Shirinmu na yau ya sauka a Rusairis ta ƙasar Sudan, a bakin Shuɗin Nilu, inda ake jin Hausa a kasuwa da masallaci, don mu ga yadda abin da Turai da Amurka suka ƙulla a tsakaninsu yake isowa har ƙofar gida.

Yaya aka yi Hausa ta iso nan? Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya wasu ayarin suka biyo, akasari maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka.

A wancan lokacin masaƙun Lankasha ta Ingila sun dogara ne da audugar Amurka, kuma ba su manta da wuyar da suka sha ba lokacin da yaƙin basasar Amurka na 1861 ya tsayar da ita. Sai Ingila ta nemi gonar kanta. Aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka duƙa suna cirar audugar nan, mafi yawansu ba su da hawasha, wato fegin gona, ko ɗaya da sunansu. Ita ma madatsar Rusairis da aka gama a 1966, da bashin Bankin Duniya da na Jamus ta Yamma aka gina ta.

To, masu sauraro, yanzu fa? Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, tukunyar takiyya, wato wuraren dafa abincin sadaka, ce ke riƙe da rayuka da yawa a Sudan. A watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, ɗaruruwan wuraren dafa abincin nan suka kashe wuta. Kowa ya zuba ido ko Turai za ta cike gurbin. Amma Washinton ta matsa wa Turai lamba ta ɗauki nauyin tsaron kanta, kuma a watan Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage tallafi daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ta ƙara wa sojoji. Ta yi alkawarin Sudan za ta ci gaba da samun fifiko, kuma mun ji. Sai dai abin yana ci mana rai: mutanen Rusairis da Damazin, waɗanda rikicin filaye na 2022 ya riga ya raba dubbansu da gidajensu, babu wanda ya nemi jin ta bakinsu kafin a yanke wannan shawara.

Bayan ɗan gajeren hutu, za mu leƙa gonakin bakin kogi mu ji yadda damina ta kasance.