Bayani A Kan Awon Abincin Jatan Lande A Ƙasar Ekwado

 Yau maganarmu a kan jatan lande na kiwo ce da yadda ake auna masa abinci, domin sana'a ce mai cin waken soya da alkama, kayan da muke bin farashinsu.

Ku sani, a ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka, wajen birnin Guwayakil, ana kiwonsa cikin manyan tafkunan ruwan gishiri da aka haƙa. A shekarar 2022 ƙasar ta fitar da fiye da tan miliyan 1, kuma Sin ce babbar mai saye. Abincinsa ƙwayoyi ne na garin kifi da tunkuzar soya da garin alkama, wanda ke riƙe ƙwayar kada ta narke da wuri. Abincin nan shi kaɗai yakan lashe kusan rabin kuɗin kiwo, ko ma fiye. To, nan riba take, nan kuma hasara.

A tsohuwar hanya, ma'aikaci yakan shiga kwalekwale ya watsa abinci da hannu sau biyu zuwa huɗu a yini. Ruwan ba ya nuna ƙasa, saboda haka sai a nutsa faifan raga da ɗan abinci a kai, bayan kamar sa'a biyu a ɗago a duba. In ya ƙare a ƙara, in ya saura a rage. Amma jatan lande cikinsa ƙarami ne, kaɗan-kaɗan yake ci. Abin da bai ci ba ruwa ya tsotse amfaninsa, saura ya ruɓe a ƙasa, ya ɓata ruwa, ya cinye iskar da dabbar ke shaƙa. Mai tafki ya yi hasara biyu ke nan: kuɗin abinci da lafiyar kiwo.

Na'urar ciyarwa iri biyu ce. Ta farko ganga ce mai murfi a bisa ruwa, galibi da hasken rana take aiki, tana fesa kaɗan-kaɗan a lokutan da aka saita mata. Ta biyu kunne gare ta. Jatan lande in yana ci bakinsa na yin ƙas-ƙas, sai makirfo na cikin ruwa ya ɗauki ƙarar ya kai wa kwamfuta. Ƙara ta yi yawa, na'ura ta ƙara. Ta yi sauƙi, ta dakata. Kamfanin AQ1 na Tasmaniya a Ostiraliya yana cikin waɗanda suka shahara da irin wannan. Amfaninta shi ne cin jatan lande ba ɗaya ba ne kullum: yana raguwa in ruwa ya yi sanyi, ko iska ta yi ƙaranci da asuba, ko lokacin da yake saɓa.

Ga misali da lissafi. Mutum biyu, kowa ya kwashe tan 10. Ɗaya ya kashe kilo 1.8 na abinci a kan kowane kilo, ɗaya kilo 1.4. Bambancinsu tan 4, wato buhu 160 mai kilo 25. Da farashin jatan lande ya faɗi a 2023, irin wannan rata ce tsakanin mai tsira da jarinsa da mai bashi.

Sai dai na'ura tana da tsada, kuma ba ta sallami mutum ba. Dabbar takan taru kusa da ita, dole a sa injin kaɗa ruwa domin iska, a tsare abinci daga laima, a riƙa kwashe dattin ƙasa.

Dillalai kada su ɗauka wannan tsimi zai rage cinikin soya. Kiwon ya fi saurin girma, ana ƙara yawansa, kuma yawancin tunkuzar da Ekwado ke amfani da ita daga waje take sayowa. Mai bin farashin soya na duniya ya sa wannan cikin lissafinsa.