Jujin Koshe da Tsarin Zubar da Shara a Birnin Adis Ababa

Abu mafi wuya a cikin tsara yadda babban birni zai rabu da shararsa shi ne samun filin da za a zuba ta, da kuma samun yardar mutanen da za su yi maƙwabtaka da filin, domin motoci da injuna kuɗi ke sayo su, amma yardar jama'a sai an bi ta da shawara da biyan haƙƙi. Birnin Adis Ababa, hedikwatar ƙasar Habasha, ya shafe kimanin shekara 50 yana kai shararsa juji guda da ake kira Koshe, kalmar da ke nufin ƙazanta a harshen Amharik. Lokacin da aka fara zuba shara a wurin, yana bayan gari ne, amma da birnin ya bunƙasa sai gidaje suka kewaye shi, har marasa ƙarfi suka kafa matsugunansu a gindin tulin, wasunsu kuma daga tsince-tsince a cikinsa suke samun abin sakawa a bakin salati.

Mahukuntan birnin sun ga haɗarin tun da wuri, shi ya sa aka gina sabon juji na zamani a Sandafa, cikin jihar Oromiya, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Juji na zamani shi ne wanda ake shimfiɗe ƙasansa da yumɓu ko leda mai kauri don hana ruɓaɓɓen ruwan shara tsatsowa cikin rijiyoyi, ake danne sharar ana rufe ta da ƙasa, ake kuma yi wa iskar gas da ruɓewa ke haifarwa mafita, kasancewar tana iya kamawa da wuta. An buɗe wurin a shekarar 2016, amma bayan 'yan watanni manoman yankin suka tare hanyar motocin, suna ƙorafi kan wari da gurɓatar gonakinsu da kuma batun diyya, lamarin da ya tilasta wa birnin komawa Koshe, wanda tuni ya cika ya batse. A daren 11 ga watan Maris na shekarar 2017 wani sashe na tulin ya zaftare a kan gidajen da ke ƙasansa, ya hallaka mutum fiye da 110, akasarinsu mata da yara. Duk wanda ya bi jerin waɗannan abubuwa zai ga cewa sakacin da aka yi wajen sasantawa da manoman Sandafa yana da hannu a abin da ya auku a Koshe.

A watan Agusta na 2018 aka ƙaddamar da masana'antar Reppie a gefen tsohon jujin, wadda aka tsara ta ƙona tan 1,400 na shara a kullum, zafin wutar ya tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin samar da lantarki. Dabara ce mai kyau, sai dai irin wannan inji ya fi dacewa da busasshiyar shara mai yawan takarda da kwali, alhali kuwa sharar yawancin biranen Afirka ragowar abinci ce da ɓawon kayan marmari da toka da ƙasa, waɗanda ba sa cin wuta sosai, musamman da damina. Irin wannan ɗanyar shara taki ya kamata a mayar da ita, abin da manoman kewayen Kano suka daɗe da sani, tun da sun saba kwasar takin bola zuwa gonakinsu.

Sake sarrafa shara, wato mayar da abin da aka yar ya koma kayan amfani, ya riga masana'antar zuwa birnin. Akwai masu yawo unguwa-unguwa da buhu a kafaɗa suna sayen ƙarafa da robobi da kwalabe, waɗanda ake kira korale, takwarorin 'yan gwangwan ke nan, kuma suna kai hajarsu sashen Minalesh Tera na kasuwar Markato, inda maƙera da sauran masu sana'a ke mayar da tsohon duro murhu, tsohuwar taya kuma takalmi. Waɗannan mutane suna raba kaya tun daga ƙofar gida, kafin su cakuɗe da ɗanyar shara su lalace, kuma ba su karɓar ko sisi daga baitulmalin birni. Tsarin da ya ware fili ga injin ƙona shara, ya kuma bar su ba rumfa ba safar hannu, ya tsallake ma'aikatan da suka fi kowa sanin darajar abin da ke cikin kwandon.