Kicin mai tafiya: Inda akwatin girkin direbobin Maraɗi ya fi na tirelolin Amurka

Duk wanda ya bi babbar hanyar RN1 daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ya zarce Agiye da Gazawa, ya saba ganin manyan motoci a fake gefen kwalta, karen mota na dafa shinkafa ko shayi a gindinsu. Kayan girkin kan zauna cikin akwatin ƙarfe da aka yi wa walda a jikin motar: tukunya, murhun gawayi ko ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6. Girki da gas ya ƙara yaɗuwa a Nijar bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011.

A Amurka ma ana tafiya da kicin, amma cikin tirelar da aka shirya kamar gida, wadda ake ja da mota zuwa hutu. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Da yawa na da wani sashe da ke zamewa waje kamar durowa idan an tsaya, don ɗakin ya ƙara faɗi, kuma wasu kamfanoni a cikin wannan sashen suke sanya murhu da firji da wurin wanke kwanuka.

A nan matsalar take. Duk lokacin da sashen ya fita ko ya koma, dole tiyon gas da na ruwa da wayoyin lantarki su lanƙwashe su bi shi. Yau da gobe tiyo kan goge ko ya tsage, mahaɗa ta saki, ruwa ya dinga ɗiga ƙarƙashin daɓen katako ba a sani ba har ya ruɓe. Nauyin firji da kayan abinci kuma na wahalar da injin da ke tura sashen, musamman irin mara ƙarfi da aka yi don gado ko kujera. Idan injin ya maƙale sashen na waje, tirelar ba ta tafiya ko'ina sai an gyara. A wasu ma, in an rufe sashen, ƙofar firji ba ta buɗuwa a kan hanya.

Akwatin direban Gazawa ba shi da ƙawa, amma babu tiyon da ke motsi yana ɗauke da gas: ana sauke murhu ƙasa, a haɗa, a gama a kwance. Haɗarinsa daban ne, wato zafin rana, girgizar hanya da kusancin tankin mai.

Ga ɗan ci-rani da ke son sayen tirela ta hannu, ya sa a fitar da sashen a mayar sau da yawa a gabansa, ya leƙa ƙarƙashi ya taɓa daɓen ko ya yi laushi. Sannan ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar gas. In kumfa ya taso, akwai yoyo.