Ci-rani A Ƙasar Sin: Yadda Ƙaurar Manoma Ta Gina Birane Da Masana'antu

Yawancin kayayyakin da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga birnin Guangzhou, wanda suke kira Gwanzu, zuwa Kantin Kwari da sauran kasuwanni, hannun 'yan ci-rani ne ya ƙera su. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta ƙasar Sin sun nuna cewa a shekarar 2024 manoman da suka bar gona suka koma aikin albashi sun kusa miliyan 300, wato sun zarce yawan al'ummar Nijeriya baki ɗaya.

A shekarar 1978, kashi 18 cikin 100 ne kawai na mutanen Sin ke zaune a birane. Tun daga 1958 gwamnati ta kafa dokar rajistar gidaje da ake kira hukou, wadda ta raba jama'a gida biyu, 'yan birni da 'yan karkara. Rabon abinci, da aiki, da makaranta, da asibiti, duk suna ɗaure ne da inda aka yi wa mutum rajista. Saboda haka duk manomin da ya shiga birni ba da izni ba, ko hatsin da zai ci ba zai samu ya saya ba.

Al'amura sun sauya bayan da Deng Xiaoping ya ɓullo da gyare-gyaren tattalin arziki a ƙarshen 1978. An rusa gonakin gandu, aka damƙa wa kowane gida filin da zai noma. Amfanin gona ya ƙaru, kana aka tarar cewa hannayen da ke karkara sun fi ƙarfin aikin da ke akwai. A 1980 aka keɓe yankuna huɗu na musamman a gaɓar teku, wato Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, inda aka sassauta haraji ga masu zuba jari daga waje. Attajiran Hong Kong da Taiwan suka kawo jari da injuna, lardunan cikin ƙasa irin su Sichuan da Henan da Hunan kuma suka kawo ma'aikata masu arha. Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 ta ƙara wa lamarin ƙaimi.

Yankin Shenzhen, mai mutane kimanin 300,000 a 1979, ya kai miliyan 17 da rabi a ƙidayar 2020. A 2011 mazauna birane suka zarce na karkara a karon farko a tarihin ƙasar, kuma a 2024 sun kai kashi 67 cikin 100.

Sai dai wannan bunƙasa ba ta game ko'ina ba. Yayin da lardin Guangdong ya kai mutum miliyan 126 a 2020, larduna uku na arewa maso gabas, waɗanda a da su ne cibiyar ƙarafa da kwal, sun yi asarar mutum miliyan 11 cikin shekara goma. Domin rage wannan giɓi ne gwamnati ta ƙaddamar da shirin raya yammacin ƙasa a 2000, ta shimfiɗa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da wutar lantarki, sannan a 2006 ta soke harajin noma. Sannu a hankali masana'antu suka fara bin ma'aikata zuwa gida. Alal misali, a 2010 kamfanin Foxconn ya buɗe babbar masana'anta a Zhengzhou ta lardin Henan, inda ake harhaɗa wayar iPhone.

Shi kuwa ɗan ci-rani, ya gina birni amma bai zama ɗan gari ba. A 2020 kashi 64 cikin 100 na jama'a ne ke zaune a birane, amma kashi 45 kacal ke da rajistar birni. Ragowar suna shan wahala wajen sa 'ya'yansu a makarantun gwamnati, abin da ya tilasta wa da yawa barin yara a ƙauye wurin kakanni. Wani rahoton Ƙungiyar Matan Sin na 2013 ya ƙiyasta irin waɗannan yara da miliyan 61. An sassauta dokar rajista a ƙananan birane tun daga 2014, amma Beijing da Shanghai ba su saki ƙofa ba.

Duk da haka, filin da aka bar wa manomi a ƙauye ya zama masa madogara. Lokacin da kasuwannin duniya suka durƙushe a 2008, kimanin 'yan ci-rani miliyan 20 sun rasa aiki, akasarinsu kuma suka koma gida har ƙura ta lafa.

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne, rijiyar ma'aikata masu arha ta fara ja da baya. Tun 2004 masana'antun Guangdong suka soma kukan ƙarancin ma'aikata, albashi ya yi ta hauhawa, kuma a 2022 yawan al'ummar Sin ya ragu a karon farko tun 1961. Dalili ke nan da ya sa ɗinkin tufafi da takalma ke ƙaura zuwa lardunan cikin ƙasa, ko kuma zuwa Biyetnam da Bangaladash, yayin da biranen gaɓar teku ke karkata ga kayan lantarki, batura da motoci.

Har ila yau, duk shekara a watan Janairu ko Fabrairu ma'aikata kan koma garuruwansu domin bikin sabuwar shekararsu, masana'antu su rufe na tsawon makonni, wasu ma'aikatan kuma ba sa dawowa. Mai odar kayan Sallah ko na komawa makaranta, wajibi ne ya sanya wannan hutu cikin lissafinsa, ya kuma tambayi dillalinsa a wane lardi ne ainihin masana'antar take, domin nisanta da tashar jiragen ruwa na shiga cikin farashi da ranar isowar kaya.