BAN RUWA DA RUWAN KWATA: AMFANINSA DA HAƊARINSA

In rani ya yi, masu lambu da yawa a gefen manyan garuruwa sukan shayar da shukarsu da ruwan kwata, kamar yadda ake yi a bakin rafin Jakara a Kano. Ruwan nan yana ɗauke da taki, shi ya sa ganye yakan yi kore shar. Amma fa yana ɗauke da cuta kuma, in ba a bi ƙa'ida ba.

Ruwan kwata iri biyu ne. Na farko shi ne na gidaje, watau na wanka da wanki da bayan gida. A cikinsa akwai ƙwayayen tsutsar ciki, da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni. Na biyu shi ne na masana'antu, irin na majemun Chalawa da Sharaɗa. Wannan yakan zo da guba, kamar sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Gubar nan ba ta ruɓewa. Takan taru cikin ƙasa, shuka ta sha, mutum ya ci, dafuwa kuwa ba ta kawar da ita.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a yi ban ruwa da ruwan masana'anta, sai an tace shi tun daga can.

2. A tara ruwan gidaje cikin kududdufai a jere, ya yi kwanaki, ƙazanta ta kwanta, rana ta kashe ƙwayoyin cuta. A shekarar 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya cikin kowace lita.

3. A kora ruwa ta tsakanin kunyoyi, kada a watsa shi bisa ganye.

4. A fifita itatuwa da auduga da masara a kan latas da kabeji da karas, waɗanda akan ci ɗanye.

5. A tsai da ban ruwa kwanaki kaɗan kafin a ɗebi amfanin gona.

6. Kada ruwa ya wuce abin da ƙasa za ta shanye, kada kuma a kusanci rijiya.

7. Manomi ya sa takalmin roba, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Wanda ya ga masana'anta tana zubar da ruwa ba tacewa, ya sanar da duba-gari ko hukumar NESREA, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2007 don kiyaye muhalli. Rigakafi ya fi magani.