Lambar Sojan Jamus a Akwatin Kaka: Abin da Waya Za Ta Iya Ganowa da Inda Take Yaudara

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja tun zamanin Turawa. Daga nan manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi da Janar Sani Sami suka fito, ban da ɗimbin ƙananan sojojin da suka yi ritaya suka dawo gona. Saboda haka ba abin mamaki ba ne matashi a Dirin Daji ya buɗe tsohuwar adakar kakansa ya tarar da lambobin yabo naɗe cikin ƙyalle. A yau abu na farko da zai yi shi ne ya zaro waya, ya haska Google Lens a kansu. Cikin daƙiƙa biyar hotuna za su jeru, wasu da farashin Yuro a ƙarƙashinsu. In kuwa manhajar ta ambaci Jamus, to daga nan lissafin miliyoyi yake farawa.

Kafin a kai ga lissafin, ya kamata a san ta wace hanya kayan sojan Jamus za su iya shigowa Arewa. Babbar hanyar ita ce Kamaru, wadda take hannun Jamus lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. Sojojin Najeriya da ke ƙarƙashin Ingila sun kai wa Garwa hari a watan Agustan 1914 aka kora su, sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. Jamusawan da suka ja daga a kan dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Bayan nan aka kwashi sojojin zuwa Gabashin Afirka, inda suka sake gwabzawa da Jamus. A wancan zamani ne aka yi Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja yake ɗauke da sunansa. Da farko wa Jamus ya yi yaƙi a Kamaru, aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Najeriya ya kai Samanja. Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne cewa Jamusawa sun ba shi Iron Cross, Ingilishi kuma suka ba shi tasu lambar.

Yaƙin Duniya na Biyu daban ne. Sojojinmu Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha, sannan Japanawa a Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Don haka abin da ya fi yawa a gidajen mazan jiya lambobin Ingila ne: tauraro mai tsini shida irin na Burma Star, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ko Africa Star. Duk wanda ya zo da lambar Hitila yana cewa daga Bama aka kawo ta, ya haɗa labarin da bai haɗu ba.

Ita Iron Cross, wato gicciyen ƙarfe, Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Uku ne ya ƙirƙiro ta a 1813, aka sabunta ta a 1870 da 1914 da 1939. Shekarar tana rubuce a ƙafar gicciyen, kuma nan ne ya kamata kyamara ta fara zuwa. Ta 1914 tana da kambin sarauta a sama, harafin W a tsakiya. Idan aka juya mai daraja ta biyu, za a ga kambi, haruffan FW, ganyen bishiya uku da 1813. Wannan 1813 ɗin na baya yana ruɗar mutane ƙwarai, su ɗauka lambar ta haura shekara ɗari biyu, alhali shekarar kafa ta ce kawai. Ta 1939 tana da tambarin 'yan Nazi a tsakiya. Akwai kuma ta 1957, wadda Jamus ta Yamma ta amince wa tsofaffin sojoji su saka bayan an cire tambarin an sa ganye a gurbinsa. Mai daraja ta biyu da zobe ake rataya ta a ƙyalle. Mai daraja ta ɗaya bayanta fil ne ake maƙalawa a riga.

Google Lens ya iya wannan matakin. Matsalarsa ita ce hoto yake kwatantawa da hoto. Jabun da aka zuba bara da na asalin da aka ƙera a 1915 duk fuska ɗaya suke nuna masa, kuma jabun Iron Cross sun cika kasuwannin intanet. Farashin da yake jerowa kuwa abin da masu sayarwa suke nema ne, ba abin da aka biya ba.

Inda waya ta fi amfani shi ne duban kusa. Ta asali yawanci gida uku ce: baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam biyu masu launin azurfa da aka haɗe suka rungume shi. A ajiye lambar a kan farar takarda a inuwa, a kashe filasha, a kunna yanayin macro in wayar tana da shi, in babu a ja baya kaɗan a zuƙo sau biyu. A gefen lambar za a ga siririn layin da firam biyun suka haɗu. Jabu mai araha zubi ɗaya ne aka shafa wa baƙin fenti, haruffansa sun kumbura kamar sun narke, wani lokaci da ƙananan ramuka a jiki. A duba zoben ma, don wasu maƙera suna buga alamarsu ko lambarsu a kai. Sai maganaɗisu: na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa, kuma tsakiyar ya kamata ta kama shi. Manhajojin gano ƙarfe da ke aiki da na'urar kamfas ta cikin waya suna nuna motsi idan aka kusanto da ƙarfe, sai dai ƙusar tebur ma tana motsa su. Faɗinta kuma santimita huɗu ne da ɗoriya kaɗan, a ajiye rula a gefe kafin a ɗauki hoton.

Duk da haka babu gwaji ɗaya da ke yanke hukunci. Akwai na asali da tsakiyarsu ba ta kama maganaɗisu, akwai kuma jabu masu gida uku da aka yi da gwaninta. Ko ta tabbata ta asali ce, mai daraja ta biyu ta 1914 an raba ta ga mutum wajen miliyan biyar, don haka ba ta sayen fili. Kuma ba a rubuta sunan mai ita a jiki, abin da ke nufin ƙarfen kaɗai ba zai faɗi ko wane ne ya same ta ba.

A nan lambobin Ingila na Yaƙin Farko suka sha gabanta, ko da yake su ne matasa suka fi rainawa. A bakin British War Medal da Victory Medal an buga lambar soja, muƙami, suna da runduna. Da wannan lambar ana iya bincika katunan lambobin yabo da ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya ta ɗora a intanet, ko shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth idan mai ita bai dawo ba. Na Yaƙi na Biyu galibi ba suna, shi ya sa takardar sallama daga soja take da muhimmanci. A ɗauki hotonta shafi-shafi, a ajiye a Google Drive, a bar ta wuri ɗaya da lambobin.

Haɗarin yana zuwa ne bayan an ɗora hoto a Facebook ko TikTok. Wani zai shigo ya ce tarkace ne, ya taya kuɗin data. Wani kuma zai ce yana da mai saye a Jamus, amma sai an tura kuɗin rajista ko na gwaji. A Jamus ɗin doka ta hana baje tambarin Nazi a bainar jama'a, eBay ma ba ya karɓar irin waɗannan kaya, sannan fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Kada kuma a goge lambar da toka ko lemon tsami don ta yi kyau a hoto. Baƙin fentin da dattin shekarun su ne masana suke dubawa, kuma in suka tafi ba sa dawowa.