Haƙoran Nono da Alewar Kullum

"Ai zai yi famfara," shi ne abin da iyaye da yawa ke faɗa idan suka ga haƙorin ɗan shekara uku ya yi baƙi. Gaskiya ne haƙorin zai faɗi, amma turamen nono sukan zauna a baki har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Kafin nan yaron ya sha ciwo, ya ƙi cin abinci, ya hana gida barci.

Haƙoran nono guda 20 ne. Suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Ɓawon da ke rufe su ya fi na manya sirantaka, shi ya sa kogo ke saurin kaiwa ga jijiya. Ba tsutsa ce ke cin su ba. Ƙwayoyin cuta ne, musamman Streptococcus mutans, waɗanda sukan shiga bakin jariri ta yawun manya, idan uwa ta tauna masa abinci ko ta lashi cokalinsa. Suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid mai narkar da ɓawon.

Yawu ne ke wanke asid ɗin, ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa, amma sai ya samu kamar rabin awa. Yaron da ya sha kokon safe da sukari, aka saya masa alewa a hanyar makaranta, ya ci biskit, ya tsotsi lemon leda da rana, bakinsa bai huta ba ko kaɗan. Yawan lokutan nan ya fi yawan sukarin illa. Dare kuwa ya fi muni, domin yawu na raguwa idan aka yi barci. Fidar da aka zuba wa shayi mai zaƙi aka bar wa yaro a baki tana lalata haƙoran gaba na sama tun daga gindin dasashi, da farin tabo kamar alli, sannan ruwan ƙasa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ni dai abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne goge baki kafin kwanciya, da makilin mai fuloraid. Gwargwadon ƙwayar shinkafa ya ishi wanda bai kai shekara 3 ba, kuma babba ne zai riƙe buroshin, don hannun yaro bai iya kaiwa turamen baya.